Shafin majalisar Texas da takardun ƙiyasin kuɗinsa, tauraro huɗu na ba shi

Ni dai tafinta ce, aikina kenan a yankin Houston da garuruwan da ke kewaye, yau asibiti gobe kotu jibi ofishin lauya, duk inda aka samu wanda Turanci ya yi wa nauyi a baki sai a kira ni. Ban saba rubuta sharhi a kan komai ba balle shafin gwamnati, amma wannan na majalisar dokokin Texas da ake kira Texas Legislature Online ya yi min rana, kuma na lura 'yan uwa da yawa da ke zaune a jihar nan ba su ma san da zamansa ba, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin da na gani a ciki, mai daɗin da mara daɗin.

Abin da ya kai ni wata yarinya ce, na ce yarinya don na girme ta nesa ba kusa ba amma ta haura ashirin. An kawo ta ƙasar nan da sunan za a sa ta makaranta, tana sauka aka karɓe fasfo ɗinta, shekara uku tana aikatau a wani gida, shara wanki girki rainon yara, ba albashi ba waya ba fita sai da rakiya. Allah ya kawo mata mafita ta hannun wata maƙwabciya, magana ta kai ga hukuma, aka kama maigidan da laifin safarar mutane, bayan 'yan kwanaki aka ba da belinsa. Lauyarta ta nema mata odar kariya, wato umarnin kotu da ke hana shi kusantarta ko yi mata barazana, kuma kotu ta bayar. Ba zan faɗi gundumar ba, ba zan faɗi wani abu da zai sa a gane ta ba, kuma sai da na nemi izininta kafin in rubuta ko wannan ɗan da na rubuta.

Ranar da aka ba ta odar muna zaune a kan benci a barandar kotun, ta riƙe takardun da hannu biyu kamar za a ƙwace mata, ta ninke su huɗu ta tura a jaka, can ta sake zaro su tana duba hatimin. Sai ta juyo ta ce min, "Anti, in ya zo fa? Wannan ai takarda ce." Na fassara wa lauyar. Lauyar ta ce in ya zo ki kira 911, lambar gaggawa, za a kama shi, karya odar laifi ne mai zaman kansa. Na mayar mata da Hausa. Ta yi shiru ta yi shiru, sannan ta ce, "Anti tambayar min ita, kwana nawa zai yi a ciki?" Lauyar ta ce ya danganta. Wallahi wannan "ya danganta" ɗin shi ya hana ni barci a daren nan, don da bakina na faɗa mata shi kuma na ga yadda fuskarta ta canza.

Da na koma gida na buɗe kwamfuta na shiga lalube, lalube ya kai ni capitol.texas.gov, wato shafin majalisar dokokin jihar. Kyauta ne, ba rajista ba kati ba talla ko ɗaya, kuma daga nan akwai hanyar shiga kundin dokokin jihar gaba ɗaya. A nan na samu sashe na 25.07 na kundin hukunta laifuka, shi ne ya yi magana a kan wanda ya karya odar kotu ko sharaɗin beli a shari'ar rikicin cikin gida ko fyaɗe ko bibiyar mutum ko safarar mutane. Ya jero abin da ake kira karyawa, ya yi wa wadda aka kare barazana ko ya aika wani ya yi mata, ya je kusa da gidanta ko wajen aikinta ko makarantar yaranta, ya riƙe bindiga, ya cire na'urar bibiya da aka ɗaura masa a ƙafa, kai har dabbar da take kiwo a gida in ya cutar da ita yana ciki.

Hukuncin kuma hawa-hawa ne. Matakin farko ƙaramin laifi ne na ajin A, ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba a gidan yarin gunduma, ko tarar da ba ta wuce dala 4,000 ba, ko a haɗa masa duka biyun. In kuwa an taɓa samunsa da wannan laifin sau biyu ko fiye, ko wajen karyawar ya kai mata hannu ko ya yi ta bibiyarta, sai ya koma babban laifi mataki na uku, shekara 2 zuwa 10 a kurkukun jiha da tarar da za ta iya kaiwa dala 10,000. Akwai kuma sashe na 25.072 na wanda ya maimaita karyawa sau biyu ko fiye a cikin wata 12, shi ma mataki na uku ne. A tsakiyarsu akwai wani mataki na kwana 180 zuwa shekara 2 da ake amfani da shi a wasu yanayi. Toh kun ga ashe lauyar ba zille wa tambaya ta yi ba, da gaske ya danganta.

Da a nan na tsaya da shi kenan, na samu amsata na kwanta. Amma a ƙasan kowane sashe suna jero duk gyaran da aka taɓa yi masa da shekarar da lambar ƙudirin, kuma na baya-bayan nan kana dannawa zai kai ka kan ƙudirin kansa. Sashen nan an sha yi masa gyara, yau a ƙara irin shari'ar da ya shafa, gobe a ƙara tsananin hukunci. Na ɗauki lambar ƙudiri ɗaya na koma babban shafin na sa a akwatin nema, na zaɓi zaman majalisar da aka yi shi, na shiga wajen da aka rubuta Text, sai ga jerin takardu a layi, rubutun ƙudirin, bayaninsa, sunayen waɗanda suka zo ba da shaida, da wata takarda ta ƙiyasin kuɗi. Ita ce ta riƙe ni har asuba kuma ita ce ainihin dalilin wannan sharhin.

Bari in ɗan yi bayanin abin. Majalisar Texas ba kullum take zama ba, duk bayan shekara biyu ne, 2021, 2023, 2025 haka, tana farawa a watan Janairu kuma zaman ba ya wuce kwana 140. 'Yan majalisar wakilai 150 ne, sanatoci 31, kuma a wannan ɗan lokacin ake jibgo ƙudirori, a 2023 kaɗai kimanin 8,000 aka shigar. Akwai hukumar kasafin kuɗi ta majalisa da ake kira LBB, an kafa ta tun 1949, mataimakin gwamna da kakakin majalisar wakilai ne ke jagorantarta, kuma tun 1973 doka ta ɗora mata rubuta ƙiyasin abin da ƙudiri zai ci wa gwamnati ko ya kawo mata. Ma'aikatanta na tuntuɓar hukumomin da abin ya shafa, kamar ofishin kula da kotuna da hukumar gidajen yari da ta tsaron jama'a da ofishin akanta na jiha, sannan su rubuta hasashe na shekara biyar masu zuwa. A ƙasan takardar za ka ga sunayen hukumomin da aka tambaya da lambobinsu. Wannan kam ya burge ni ƙwarai, ba a ce maka ka yarda kawai ba, an nuna maka wajen wa aka ji.

Takardun gajeru ne, wasu shafi ɗaya wasu biyu. Sama sunan shugaban kwamitin da aka aika wa da kwanan wata, sai jimla ɗaya a cikin akwati wadda ita ce taƙaitawar komai, sai bayani, sai ɓangaren ƙananan hukumomi. Kuma a irin waɗannan ƙudirori na ƙara hukunci jimlar da na yi ta cin karo da ita ita ce, ba a tsammanin wani tasiri mai yawa a kan kuɗin jiha. Wasu kuma su ce ba za a iya tantance tasirin ba saboda babu isassun bayanai.

Da na fara gani daɗi na ji gaskiya. Na ce alhamdulillah, ashe kare irin yarinyar nan ba ya cin wani kuɗi, to ba wanda zai fake da tsada ya ƙi amincewa. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a majalisa, ƙudirin da takardarsa ta nuna zai ci miliyoyi yakan sha wuya kafin ya fita daga kwamiti, wanda kuwa aka ce ba ya cin komai hanyarsa ta fi sauƙi. Amma da na karanta ta biyu ta uku ta huɗu sai jikina ya fara sanyi, na ce tsaya, ɗaure mutum shekara biyu zuwa goma ai ba kyauta ba ne, ta yaya za a ce ba tasiri?

Sai na ɗauki biro da takarda. LBB ɗin dai tana fitar da wani rahoto na abin da ake kashewa a kan kowane fursuna a rana, kuma a 'yan shekarun nan adadin ya haura dala 70. Mu ɗauka dala 70 ce cif don lissafi ya yi sauƙi. Shekara ɗaya dala 25,550 kenan, shekara biyu 51,100, mutum ɗaya fa. Tarar dala 10,000 ɗin nan da ake ji kamar wani babban abu ba ta kai kuɗin riƙe shi na wata biyar ba, wannan ma in ya biya, kuma wanda ke ɗaure da me zai biya? To yanzu a ce mutum 100 aka ɗaure a kan wannan laifi kowa shekara biyu, misali kawai nake bayarwa, dala miliyan 5 da 'yar ɗoriya kenan. A wajen irinmu kuɗi ne mai ban tsoro. Amma kasafin shekara biyu da majalisar ta amince da shi a 2023 ya kai dala biliyan 321, kuma gidajen yarin jihar na riƙe da mutum sama da 120,000, to ƙarin mutum ɗari a cikinsu kamar ɗigon ruwa ne a randa. A nan na gane abu na farko, kalmar "mai yawa" a bakin masu kasafi da a bakinmu ba ma'auni ɗaya ba ne.

Abu na biyu shi ya fi damuna kuma har yanzu yana damuna. Kuɗin da hukunci zai ci ya dogara ne da yawan mutanen da za a kama, a gurfanar, a same su da laifi, a ɗaure. In mutanen kaɗan ne to kuɗin kaɗan ne. Kuma a shari'ar safarar mutane dole su yi kaɗan, saboda kafin a kai ga karya oda sai an fara samun odar, kafin a samu odar sai wadda aka zalunta ta fito ta yi magana, kuma mun san su waye ake yi wa wannan zaluncin, wadda aka ƙwace wa fasfo, wadda ba ta jin Turanci, wadda aka shekara ana gaya mata in ta je wajen 'yan sanda ita za a kama a mayar da ita ƙasarsu, wadda ake yi wa barazana da iyayenta da ke can gida. Cikin goma nawa ne za su iya kaiwa benci irin wanda muka zauna a kai? Saboda haka in na ga an rubuta ba tasiri yanzu, abin da nake karantawa shi ne mutanen da dokar ke kaiwa gare su ba su da yawa, kuma wannan ba labari ne mai daɗi ba ko kaɗan.

Na uku shi ne ɓangaren gundumomi, kuma a nan ne na rage wa shafin tauraro ɗaya. A Texas ƙaramin laifi a gidan yarin gunduma ake zamansa kuma gunduma ce ke biya, babban laifi kuma bayan an yanke hukunci jiha ce ke ɗauka. To in aka ɗaga laifi daga ƙarami zuwa babba wani ɓangare na nauyin yana tashi daga wuyan gunduma ya koma na jiha, amma tsare mutum kafin shari'a yana nan a kan gunduma, mai gabatar da ƙara na gunduma ne, lauyan da ake ba wanda ba shi da halin ɗauka akasarin kuɗinsa daga gunduma ne, jami'in da zai kai wa mutum odar hannu da hannu shi ma haka, tarar ma in an samu mafi yawanta asusun gunduma take shiga. Duk wannan hidimar a takardar ƙiyasi sau da yawa layi biyu ko uku ne kawai, kuma akwai wata jimla da ake yawan maimaitawa, wai ana ganin za a iya ɗaukar nauyin kamawa da gurfanarwa da tsarewa da kuɗin da ake da shi a hannu. Gundumomi 254 ne fa a jihar nan. Harris tana da mutum sama da miliyan huɗu da rabi, Loving kuma a ƙidayar 2020 mutum 64 ne kacal a cikinta. Ta yaya jimla ɗaya za ta ɗauke su duka?

Kuma ni da nake yawo a kotuna na san mene ne "kuɗin da ake da shi a hannu" a zahiri. Shi ne magatakarda ɗin nan guda da fayil ya yi wa tsibi a tebur, shi ne mai gabatar da ƙara da ke riƙe da shari'o'in da ba zai iya tuna sunayen masu su ba sai ya buɗe fayil, shi ne ɗan sandan da ke sintiri shi kaɗai a yanki mai faɗin gaske da tsakar dare. An ƙara musu aiki ba a ƙara musu hannu ba. Oda ba ta da amfani sai an kai wa mutumin, an shigar da ita a rumbun bayanan 'yan sanda ta yadda jami'in da aka kira ƙarfe biyun dare zai gan ta a kwamfutar motarsa, an kuma samu wanda zai bi maganar in an karya. A 2019 an yi dokar Monica wadda ta sa aka buɗe rajistar odar kariya ta jiha baki ɗaya a intanet, wannan ci gaba ne na gaske, amma ita ma rajistar sai da mutumin da zai zauna ya shigar da bayanan a kan lokaci.

Akwai kuma lissafin da ba ya cikin kowace takarda, shi ne na ita yarinyar. Neman odar kyauta ne, doka ta hana a karɓi ko sisi daga mai nema, kuma irin wannan odar ta waɗanda aka yi safararsu kotu na iya ba da ita har iya rayuwa, madalla da wannan. Amma a gabana ta canza lambar waya sau biyu. Ta tashi daga ɗakin da ta fara samu don wani da ya san maigidan ya gan ta a tashar bas, sabon ɗaki kuma sai da kuɗin ajiya. Ta ajiye aikin dare da ya fi kuɗi ta koma na rana saboda ba ta iya tsayuwa ita kaɗai a duhu tana jiran mota. Duk ranar zaman kotu ranar ba albashi. Ta sayi ƙarin sakata ta sa a ƙofa, ta nuna min ita a waya tana murmushi kamar wadda ta sayi gwal. Akwai asusun biyan diyya ga waɗanda aka yi wa laifi a ƙarƙashin ofishin antoni janar na jiha, yana iya biya har dala 50,000 na magani da ƙaura da makamantansu, akwai kuma shirin ɓoye adireshi, lauyarta ta cike mata duka kuma duk wanda ke cikin irin halin nan ya tambayi lauyansa a kansu. Bizar T da dokar tarayya ta 2000 ta kawo don irinsu ita ma tana nan, amma wannan harkar gwamnatin tarayya ce ba ta shiga lissafin jiha. Abin da nake nufi dai, lokacin da takarda ta ce ba tasiri, akwai wadda ta riga ta biya daga aljihunta da barcinta.

Ba laifin ma'aikatan da ke rubuta takardun nake gani ba, in faɗi gaskiya. Doka ce ta ce musu su ƙirga kuɗin gwamnati, kuma shi suke ƙirgawa, cikin gaggawa, ƙudirori dubbai a cikin 'yan watanni. Hasali ma inda suka ce ba za mu iya tantancewa ba saboda ba bayanai, ni girmama su na yi, don ya fi a ƙirƙiro lamba a ɗora. Sai dai mai karatu ya san iyakar abin da ke hannunsa. Takardar tana amsa tambaya ɗaya ce, nawa zai fita daga baitulmali. Ba ta ce dokar za ta yi aiki ba, ba ta ce ba za ta yi ba.

Abin da na fi so a shafin gaba ɗaya wata takarda ce da mutane ba sa lura da ita saboda tana can ƙasa, bayanin tasirin ƙudiri a kan harkar shari'ar laifuka. Ita ba kuɗi take ƙirgawa ba, mutane take ƙirgawa, kuma a wasu ƙudirorin za ta faɗa maka a shekarar kuɗi kaza mutum nawa aka kama a kan laifin, nawa aka sa a ɗaurin talala, nawa suka shiga kurkuku. In ka samu wadda ke da waɗannan lambobin ka ajiye su gefe da gefe ka ga tazarar da ke tsakanin kamawa da ɗauri, daga nan za ka fahimci dalilin da ya sa takardar kuɗin ta ce abin da ta ce. Ni yanzu ita nake fara buɗewa kafin ta kuɗin. A tuna kuma shekarar kuɗi a Texas daga 1 ga Satumba take farawa, ba Janairu ba, kar lissafi ya rikice wa mutum.

Jerin masu ba da shaida ma abin dubawa ne, za ka ga wa ya goyi baya, wa ya ƙi, wa ya zo bayani kawai, da ƙungiyar da kowa ya wakilta. Kuma majalisun biyu suna ajiye bidiyon zaman kwamitocinsu, na zauna na kalli wani na kusan awa biyu ina ninke wanki, har da wata mata da ta tsaya gaban kwamiti muryarta na rawa tana ba da labarin abin da ya same ta. Bayan na gama na sake buɗe takardar ƙiyasin ƙudirin mai shafi ɗaya na daɗe ina kallonta.

Inda shafin ya gaza kuma, na farko Turanci ne zalla kuma Turancin lauyoyi, ni da nake cin abinci da harshen nan sai na karanta wasu jimlolin sau uku, to ina ga wadda abin ya shafa kai tsaye. Tsarinsa na da ne, rubutu ƙanana, a waya sai ka yi ta ja kana buɗawa, gara kwamfuta in da hali. In ba ka zaɓi zaman majalisar da ya dace ba lamba ɗaya za ta kawo maka wani ƙudiri daban da ba ruwansa da abin da kake nema, don duk zama ana sake fara ƙirga lambobin daga farko, wannan ya ɓata min lokaci a daren farko kafin in gane. Ƙudirin da ba a taɓa sa shi a jadawalin sauraro a kwamiti ba galibi ba za ka samu takardar kuɗinsa ba sam. Sannan ƙudiri ɗaya na iya samun takardun ƙiyasi uku ko huɗu ko fiye, don duk lokacin da aka yi masa gyara ana sake rubutawa, to ka tabbata ta ƙarshe kake karantawa in ya zama doka, kuma in kana da lokaci ka gwada ta farko da ta ƙarshe, wani lokaci a nan za ka ga abin da aka zare daga cikin ƙudirin a hanya.

Akwai wani ɓangare da ake kira MyTLO, shi ne kaɗai ke buƙatar ka buɗe akawun da imel, shi ma kyauta. Kana iya sa ƙudiri ko kwamiti a jerinka, duk motsin da aka yi sai saƙo ya shigo maka. Ga masu aiki da ƙungiyoyin taimakon mata, da limamai da shugabannin al'umma da ake kawo wa irin wannan kuka, da ɗalibai masu karatun shari'a, ina ba da shawarar a buɗe. Amma don Allah kar wani ya karanta shafin nan ya ɗauka ya zama lauya, dokar na canzawa kuma kowace oda da sharuɗɗanta, abin da alƙali ya rubuta a taka odar shi ne abin bi.

Wata huɗu bayan ranar bencin nan wayata ta yi ƙara wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ita ce, tana magana ƙasa-ƙasa. Wani ɗan uwan maigidan ne ya samo sabuwar lambarta ya turo mata saƙo, wai ta janye maganar tun da wuri in tana son zaman lafiyarta da na mahaifiyarta. Ta ce, "Anti, ba shi ne ya turo ba fa, wannan yana ciki?" Na tuna layin nan na aika barazana ta hannun wani da na karanta a daren farko. Na ce mata ƙanwata ni ba lauya ba ce, amma kar ki amsa, kar ki goge, ki ɗauki hoton saƙon yadda lamba da lokaci za su fito, ki kira 'yan sanda yanzu ki ce kina da odar kariya, ni kuma ga ni nan zuwa. Da na isa tana zaune a bakin gado da odar a kan cinyarta, wajen ninkin ya fara yagewa don yawan buɗewa. Jami'in ya zo ya duba a kwamfutarsa ya ga odar tana ciki, ya rubuta rahoto ya ba ta lambar fayil, da safe muka kira lauyar, kuma maganar na hannunsu har yanzu. A hanyar dawowa daga ofishin lauyar na tsaya da ita a wani shagon buga takardu aka yi mata kwafi uku, ɗaya ta jaka, ɗaya ta wajen aiki, ɗaya kuma tana cikin durowar motata.